Idan ruwa ya raba unguwa da asibiti: jinyar da ke riƙe rai kafin a ga likita

Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse, ruwa ya malale cikin Maiduguri. Rabon garin da irin wannan ambaliya tun 1994. Unguwanni irin su Gwange da Fori da Bulabulin suka nutse, ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri kansa, dubban ɗaruruwan mutane suka tsinci kansu a makarantu da sansanoni da bakin titi. Ba a cika wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

A kwanakin farko na irin wannan masifa, ko a Maiduguri ne ko a ƙauyukan Haɗeja ko a Maraɗi, wanda ke kan mara lafiya ba likita ba ne. Uwa ce, ko yaya, ko maƙwabciya, ko wani saurayin unguwa. Mu dama mutanen jinya ne. Ko a asibiti lafiya lau, mai jinya ne ke kwana kan tabarma a gefen gado, shi ke wanki, shi ke ba da abinci, shi ke kai mutum bayi. Hannu da tausayi ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'auni: nawa za a ba shi, sau nawa, har zuwa yaushe, kuma wace alama ce za ta sa a daina jira a ɗauke shi ko a kafaɗa ne. Inda babu ma'auni, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, sai ka ga an yi wa mara lafiya illa da hannun da ke son cetonsa.

Amai da gudawa su ne gaba a wannan lissafi, don haka za a daɗe a kansu. Idan ambaliya ta cika masai ta kwashe abin da ke ciki ta zuba a rijiyoyi, kwalara ba ta da nisa. Kashinta ruwa ne tsululu mai kama da ruwan wankin shinkafa, kuma babban mutum na iya zubar da lita da yawa cikin 'yan awoyi. Ba ƙwayar cutar ce ke kisa kai tsaye ba, bushewar jiki ce. Jini ya yi kauri, ƙoda ta tsaya, mutumin da ya yi sallar asuba a tsaye sai a yi masa sutura kafin magariba. Wanda aka mayar wa ruwan da ya zubar a kan lokaci kuwa, da wuya ya mutu: inda ake jinya yadda ya kamata, mace-macen kwalara ba sa kai 1 cikin 100.

An gwada wannan a wurin da ya fi namu cunkoso. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladesh, kwalara ta faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon da ke Indiya, ruwan ƙari na jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya riƙa haɗa gishiri da suga a cikin durom, ya raba wa dangin marasa lafiya kofuna ya ce su yi ta ba su. Mutuwa ta sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4 cikin 100. Dangi ne suka yi aikin, da kofi da cokali.

Hikimar abin ita ce hanjin mai gudawa, duk da zubar da yake yi, yana iya tsotse gishiri matuƙar ya zo tare da suga, ruwa kuma ya bi gishirin ya shiga jini. Shi ya sa awon yake da muhimmanci. Idan akwai ƙunshin ORS, wato garin gishiri da suga da aka riga aka auna don mai gudawa, a zuba shi gaba ɗaya cikin lita 1 na ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata 2, tunda kowace rabin lita ce. A duba jikin ƙunshin, don akwai ƙanana da aka yi don rabin lita. Idan babu, a haɗa na gida: ƙaramin cokalin shayi 6 na suga, a shafe bakinsa kada ya yi tozo, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, cikin lita 1. A ɗanɗana kafin a ba da. Kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Gishiri ya yi yawa, yaro na iya shiga jijjiga. Suga ya yi yawa, sai ya jawo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru, kuma wannan ne dalilin da ya sa lemun kwalba ba ya maye gurbinsa. Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Sai yadda ake bayarwa. Wanda bai fara bushewa ba, duk lokacin da ya zaga a ba shi: ɗan ƙasa da shekara 2 rubu'i zuwa rabin kofi, wato mililita 50 zuwa 100, daga shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi cike, babba iya abin da zai iya sha. Wanda ya fara bushewa kuma ana gane shi da ido: idanu sun faɗa, baki ya bushe, yana wawurar ruwa, yaro yana ta rigima, fitsari ya ragu. A tsunkuli fatar cikinsa a saki. Idan ta koma nan take, da sauƙi. Idan tana komawa a hankali, jiki ya bushe. Irin wannan ana ba shi mililita 75 a kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa 4. Yaro mai kilo 10 ke nan zai sha awon ledar fiya wata ɗaya da rabi, cokali guda kowane minti ɗaya zuwa biyu, ba tsayawa. Babban mutum kan buƙaci har lita 4 a wannan ɗan lokaci, leda 8. Mai jinya da yawa kan ba da kofi biyu ya ga kamar ya yi ƙoƙari, alhali ko rubu'in abin da ya fita bai mayar ba.

Amai shi ke karya gwiwar mutane. Da yaro ya amayar sai a ce cikinsa ba ya karɓa, a ajiye kofi, a zauna jiran mai ƙarin ruwa. A jira minti 10 kawai, a ci gaba da cokali guda kowane minti 2 zuwa 3. Abin da ke zama a ciki ya fi abin da ke dawowa. Sirinji marar allura na taimakawa ƙwarai, ana ɗiga ruwan ta gefen kunci. Jariri kuma kada a cire shi daga nono ko kaɗan, a ƙara masa ma. Faɗawar maɗiga da ake shafa wa haɗe-haɗe, mafi yawan lokaci bushewar jiki ce, kuma da ruwa ya koma sai ta taso da kanta. Idan an samu ƙwayar zink, yaro ya sha miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 rabin haka, ko da gudawar ta tsaya. Abinci ma ba a hana shi: kunu, fate, shinkafa mai laushi, ayaba.

Alamar nasara ita ce fitsari. Wanda ya yi fitsari mai yawa ya fara dawowa. Wanda ya yi awa 6 zuwa 8 babu ko ɗigo, ko fatar cikinsa ta tsaya a tsunkule fiye da daƙiƙa 2, ko ya yi laƙwas ba ya iya haɗiya, hannuwansa sun yi sanyi, wannan ya wuce aikin cokali, ruwan jijiya yake buƙata. A ɗauke shi zuwa inda ma'aikatan lafiya suke, kuma in dai yana iya haɗiya a ci gaba da ɗiga masa a hanya. Yaro mai tamowa dabam yake: fatarsa dama a sake take, zuciyarsa ba ta jure ruwa mai yawa a lokaci guda, don haka a ba shi sannu a hankali, a gaggauta kai shi, kuma kada kowa ya ɗaura masa ruwa a gida.

A nan dole a faɗi gaskiya game da son ƙarin ruwa da muke yi. Leda ɗaya ta ƙarin ruwa rabin lita ce kawai, kuma sau da yawa wanda ake ɗaurawa a gida mai suga ne zalla, wanda ba ya mayar da gishirin da aka zubar. Haka Flagyl da kafso ja da yalo da ake rugawa kemis a saya: ba sa mayar da ruwa ko cokali ɗaya. Maganin tsayar da gudawa kuma haɗari ne ga yara, yana iya kumbura ciki ya tsayar da hanji. Kashi mai jini ne ke buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta tun farko, shi ma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa.

Duk wannan ya rataya ne a kan ruwan da ake haɗawa da shi. Ruwan da ya tafasa sosai na minti 1 ya wadatar, amma itace jiƙaƙƙe ne a lokacin ambaliya. Ruwa mai laka a fara tace shi da ƙyalle mai tsabta da aka ninka, ko a sa masa alif ya kwanta. Sai dai alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe cuta, kuma ruwa garau na iya ɗauke da kwalara. Bilic na wanki marar turare, wanda aka rubuta 3.5 cikin 100 a jikinsa, shi ke kashewa: rubu'in cokalin shayi a jarka mai lita 20 idan ruwan garau ne, rabin cokali idan da ɗan duhu, a girgiza, a bari minti 30. Ya kamata a ji ɗan warinsa kaɗan. In an raba ƙwayoyin tsabtace ruwa, a bi abin da aka rubuta a jikinsu. In babu komai, gorar roba mai haske a cika a kwantar a rana mai ƙarfi awa 6, ko kwana 2 idan da hadari. Bayan haka kada a tsoma moɗa da hannu a ciki. A riƙa tsiyayowa.

Bilic ɗin nan shi ne kuma garkuwar mai jinya. Babban cokali 1 a lita 1 na wanke hannu ne idan babu sabulu. Babban cokali 4 a lita 1 na jiƙa zannuwa da goge tabarma da daɓe. Kashi da amai kuwa sai mai ƙarfi, awo 4 na bilic da 3 na ruwa, a zuba a bokitin a bari minti 10 kafin a juye a masai ko rami mai nisa da rijiya. Dabarar da asibitocin kwalara ke amfani da ita ana iya yin ta ko'ina: a huda gadon kara ko na buhu daidai ƙugu, a shimfiɗa leda, a ajiye bokiti a ƙasa. Mara lafiya ya huta da tashi, mai jinya kuma yana ganin yawan abin da ya fita, ya san abin da zai mayar. Kuma wadda ke jinya ba ita za ta tuƙa tuwon gida ba.

Rauni ya fi sauƙin bayani. Ruwan ambaliya cike yake da kwano da ƙusa da fasasshen kwalba. Jini na zuba, a danna da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi har minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. In ya jiƙe a ɗora wani a kai, kada a cire na farko. Da ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa, a huda leda ana matsawa don ruwan ya fita da ƙarfi ya kore datti. Toka, ƙasa, man birki, garin kafso, babu wanda ke da wuri a ciki. Raunin da ya sha ruwan ƙazanta ba a matse bakinsa a rufe ruf, a lulluɓe shi sako-sako a canza kullum. Ja yana faɗaɗa, zafi, mugunya, zazzaɓi, alamun ya harbu ne. Rauni mai zurfi kuma na buƙatar allurar rigakafin sarƙewar haƙora da zarar an samu hanya. Ƙuna ruwa mai sanyi take so har minti 20, ban da man goge baki da ɗanyen ƙwai.

Macizai ma ruwa na koro su zuwa tudun da mutane suka fake. Dafin kububuwa, wadda ta cika asibitin Kaltungo da majinyata, hana jini daskarewa yake yi, don haka tsaga wurin da reza buɗe ƙofar zubar jini ne, ɗaure da igiya tamau kuma kan kashe gaɓar. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a ɗora gaɓar a kan kara kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin kada ya taka. Farasitamol kawai za a ba shi, ban da asfirin da dangin maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna ƙara zubar jini. Ko wurin bai kumbura sosai ba a kai shi, musamman in dasashi ya fara jini.

Bayan kwana goma zuwa mako biyu sauron da ya ƙyanƙyashe a kududdufai zai fara aiki, ga yara na kwana a jiƙe. Zazzaɓi a cire wa yaro kaya masu nauyi, a goge shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ba shi farasitamol miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo, kowace awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini. In maganin maleriya mai haɗin artemether da lumefantrine na nan, irin ƙananan ƙwayoyin 20/120, nauyi ake bi: ƙwaya 1 ga mai kilo 5 zuwa 14, 2 ga mai 15 zuwa 24, 3 ga mai 25 zuwa 34, 4 daga 35 zuwa sama, sau biyu a yini har kwana 3, tare da nono ko abinci mai maiƙo don ya shiga jiki. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, shi ya sa ake ƙirga numfashi. A ɗaga rigar yaro yana kwance shiru, a kalli cikinsa minti 1 cur da agogon waya. Numfashi 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata 2, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon huhu ne. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, abin ya yi tsanani. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa komai, kada a kanga ƙafarsa a wuta. A duba agogo. Ta wuce minti 5 ko ta maimaita, tafiya ta kama.

Wanda ya suma, babba ko yaro, ɗura masa ruwa na iya kashe shi, don ruwan huhu yake tafiya. Kwanciyar gefe ita ce daidai, an ɗan ɗaga haɓa, baki na kallon ƙasa don amai ya fito. Tsohon da ba ya iya juyawa a juya shi kowace awa 2, a duba ƙugu da duwawu da diddige da kafaɗa. Jan da ba ya gushewa in an danna shi ne farkon gyambon kwanciya, kuma jiƙaƙƙiyar tabarma kan gaggauta shi.

Akwai waɗanda ba a ganin ciwonsu sai ya kayar da su. Masu hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya da tarin fuka da masu shan maganin ƙanjamau, da yawa ruwa ya tafi da magungunansu, wasu kuma kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Tun ranar farko wani mai amana ya zaga ya tambaya a keɓe, ya rubuta. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, in ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa, cokalin shayi 3 na suga a ruwa, muddin yana iya haɗiya. Allurar insulin ana iya adana ta a cikin leda a ɗaure, a gindin randa mai sanyi, nesa da rana. Mai sikila kuwa sanyi da jiƙa da ƙishirwa su ne ke ta da masa ciwo, don haka busasshen bargon da aka samu shi ya fi cancanta da shi, tare da ruwan sha a kai a kai.

Naƙuda ba ta jiran ruwa ya janye. Abin da ake nema kaɗan ne: sabulu, leda ko zani mai tsabta, sabuwar reza a takardarta, zaren da aka tafasa, zannuwa busassu guda biyu. Da jariri ya fito a goge shi sosai, a jefar da jiƙaƙƙen zanin, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe su har kansa. Wanka ya jira gobe. Bayan minti 1 zuwa 3 a ɗaure cibiya wuri biyu a yanke tsakani, kada a sa mata komai sai chlorhexidine, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake shafa wa cibiya, in akwai. Ba a jan cibiya don mabiyiya ta fito. A sa shi a nono cikin awa ta farko, dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko, tsotson kuma na taimaka wa mahaifa ta tsuke. A taɓa ƙasan cibiyar uwa kowane minti 15: mahaifa ta kasance da tauri kamar ƙwallo. In ta yi laushi jini na zuba, a murza da ƙarfi har ta taurare, a sa ta yi fitsari. Mabiyiya ta wuce awa 1, ko jini na jiƙa zani bayan zani, ko mai ciki ta yi jijjiga, a nemi kwale-kwale ko mota nan take. Madarar gwangwani da masu taimako kan raba, a ba uwa ta sha. Jaririn da aka mayar kan bulumboti a inda babu ruwa mai tsabta an miƙa shi ga gudawa.

Gawar wanda ruwa ya ci ba ta haddasa annoba, a yi mata sutura da mutunci kamar kullum. Ta mai kwalara ce ke da haɗari, don ruwan jikinta na ɗauke da cutar. Masu wanka su zama kaɗan, da safar hannu ko leda a ɗaure, a yi amfani da haɗin bilic mai ƙarfi, a toshe kafofi da audugar da aka jiƙa da shi, a haƙa wa ruwan wankan rami. Waɗanda suka yi wankan kada su taɓa abincin zaman makoki a ranar.

Aikin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, domin mai ba da cokali kowane minti biyu ba zai kai asuba ba tare da gyangyaɗi ba. A yi karɓa-karɓa na awa 4, a ware kusurwa ɗaya ta aji ko rumfa ga masu gudawa, da bokitinsu da kofunansu. Kowane mara lafiya a ajiye masa takarda, ko bangon kwali ne: sunansa da shekarunsa, lokacin da ciwon ya fara, sau nawa ya zaga, sau nawa ya yi amai, leda nawa ya sha, yaushe ya yi fitsarin ƙarshe, wane magani aka ba shi da ƙarfe nawa. Ranar da jirgin ruwan agaji ya iso da gurbin mutum uku alhali masu kwance goma ne, da waɗannan takardu ma'aikacin lafiya zai san wa za a fara ɗauka, kuma ba zai sake ba yaro farasitamol ɗin da ya sha awa ɗaya da ta wuce ba.